Ma'anar "paubha", zanen gargajiya na kwarin Katmandu

Duk wanda ya bibiyi tarihin masu zane na ƙasar Nepal zai yi ta cin karo da kalmar "paubha". Zane ne na addini da ake yi a kan yadin auduga, a naɗe shi kamar tabarma idan an gama nuna shi. Aikin ƙabilar Newar ne, mazauna kwarin Katmandu, kuma cikinsu akwai zuri'ar da ta gaji sana'ar kaka da kakanni, ana kiran ta Chitrakar. Abin da ake zanawa shi ne abubuwan bautar mabiya Buddha da na mabiya Hindu.

Da yawa suna haɗa shi da "thangka", zanen addini na Tibet, amma da bambanci. A paubha, surar tsakiya ce ke cinye yawancin fili, zaune cikin wata ƙofa mai ado irin ta gidan bauta, jan launi ya rinjayi sauran, kuma ba a cika sa duwatsu da gajimare ba kamar yadda 'yan Tibet suka koya daga Sin. Hasali ma masu zanen Newar sun yi wa Tibet tasiri sosai. Araniko, wanda aka haifa a 1245, ya jagoranci masu sana'a zuwa can tun yana saurayi, daga baya ya yi aiki a fadar Kublai Khan, sarkin Mongol da ya mulki Sin, har yau farar hasumiyar da ya gina tana tsaye a Beijing.

Aikin yana farawa ne daga yadi. Ana ɗaure shi tamau a jikin katako, a dafa fatar ɓauna har ta zama gam, a kwaɓa da farar ƙasa, a shafe yadin ciki da bai. In ya bushe sai a ɗan jiƙa shi, a yi ta gurza shi da dutse mai sulɓi, a maimaita har saƙar zaren ta ɓace, ya ɗauki sheƙi kamar shaddar da ta sha bugu. A nan ne ake gane gwani. Gam ya yi yawa, shafen zai tsattsage ranar da aka fara naɗe zanen. Ya yi kaɗan, launi zai riƙa bin yatsa kamar gari. Ga kuma damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da gam ke saurin lalacewa, ya yi wari, yadi ya yi fumfuna.

Ba a zana sura da ka. Akwai ma'auni da littattafan addini suka ƙayyade: "angula" shi ne faɗin yatsa, angula 12 su ne "tala" guda, wato tsawon fuska, kuma da shi ake auna sauran jiki. Yawan hannuwa, abin da kowane hannu ke riƙe da shi, launin fata, yanayin zama, duk a rubuce suke. Mai zane ya musanya ɗaya, to komai kyan aikin, a wurin masu ibada ya tashi daga abin da aka nema.

Launukan daga duwatsu da tsirrai ake samo su. Shuɗi daga dutsen lafis lazuli ko azurit ko kuma baba, kore daga malakit, ja daga sinaba, rawaya daga orfiment, baƙi daga hayaƙin fitila. Da hannu ake niƙa su, kuma niƙan ma da iyakarsa: azurit da malakit in suka yi laushi fiye da kima sai su koɗe, shi ya sa ake tace garin da ruwa a ware mai kaushi don launi mai duhu, mai laushi don mai haske. Biyu daga cikinsu guba ne, domin sinaba na ɗauke da makuri (zaiba), orfiment kuma da asenik, saboda haka al'adar lasar bakin buroshi don ya yi tsini haɗari ce ta gaske. Zinariya dab da ƙarshe take zuwa, a shafa garinta da gam, a goge da dutse har ta yi walƙiya. Idanu ne abu na ƙarshe, kuma buɗe su biki ne da limamin addinin ke halarta. Babban zane kan ci watanni, wani ma shekaru.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana tarihi yana can ƙasan zanen. A nan ake zana waɗanda suka biya kuɗin aikin, maza gefe mata gefe, a rubuta sunayensu da shekara bisa kalandar Nepal Sambat wadda ta fara a 879. Iyali kan sa a yi musu paubha idan dattijonsu ya cika shekara 77 da wata 7 da kwana 7. Ke nan irin wannan tsohon zane takardar shaida ce ta wani gida da wata unguwa. A watan Gunla, wata mai tsarki a wurin mabiya Buddha na Newar, ake fito da zane-zanen a rataye a farfajiyar gidajen ibada jama'a su gani.

Wannan ne ya sa satar su ta zama babban rashi. Tun da Nepal ta buɗe ƙofarta ga baƙi a shekarun 1950, kayan tarihi suka yi ta sulalewa zuwa Turai da Amurka, har wasu gidajen ibada suka daina fito da abin da ya rage musu. Lain Singh Bangdel, mai zane kuma masanin tarihi da ya rasu a 2002, ya kashe shekaru yana tattara hotunan sassaƙen da aka sace, kuma irin waɗannan hotuna ne ake kafa hujja da su yau wajen neman a dawo da kaya.

Sana'ar dai tana raye. Lok Chitrakar yana koyar da ɗalibai a garin Patan da ke kwarin Katmandu bisa tsohuwar hanya, Udaya Charan Shrestha kuwa ya yi suna wajen amfani da fentin mai da inuwa irin ta hoto, abin da har yanzu ake muhawara a kansa. Mafi yawan abin da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a unguwar Thamel ta birnin Katmandu da fentin kanti ake yin sa cikin gaggawa. Ana iya gane shi: launinsa a shafe yake bai ɗaya, ba shi da ɗan kaushi da ƙyalƙyalin da garin dutse ke bayarwa idan aka karkata zanen wajen haske.