Shin dole ne ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 a Abuja?

Tun da aka fara maganar zaɓen 2027, tsohuwar jita-jitar nan ta sake dawowa a majalisun hira da saƙonnin WhatsApp, cewa duk wanda bai samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un Abuja ba, ba zai zama shugaban Najeriya ba, ko da ya lashe sauran jihohin baki ɗaya. Wannan magana ba ta da tushe a yadda kotuna suka fassara doka.

Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa biyu: ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar da Babban Birnin Tarayya. Gwamnoni ma haka abin yake a sashe na 179, sai dai su ana lissafinsu ne da ƙananan hukumomi.

Ambaton Abuja a ƙarshen jimlar shi ne ya haifar da ruɗanin. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar duk ba su kai kashi 25 a Abuja ba, Peter Obi ne ya lashe birnin da gagarumin rinjaye, don haka lauyoyin masu ƙalubalantar nasarar Tinubu suka tsaya kai da fata cewa Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa, ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani, ta yi watsi da wannan fassara a ranar 6 ga Satumba, ta kuma dogara da sashe na 299 wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a ranar 26 ga Oktoba. Ma'ana, Abuja tana shiga lissafi kamar Jigawa ko Ebonyi, ba ta da wani matsayi na musamman.

A ganina hukuncin ya yi daidai da hankali, domin da an bi ɗaya fassarar, da mai kaɗa ƙuri'a a Gwagwalada ya fi na Kano ko Legas daraja, alhali mazauna Abuja ko gwamna ba sa zaɓa, minista ake naɗa musu.

Inda ya kamata a sa ido shi ne lissafin kansa. Kashi biyu bisa uku na jihohi 36 shi ne 24, amma idan aka haɗa da Abuja suka zama 37, sai a samu 24 da ɓurɓushi. Irin wannan ɓurɓushin ne ya kai Obafemi Awolowo da Shehu Shagari gaban Kotun Ƙoli a 1979, lokacin da jihohi suke 19, Shagari ya cika sharaɗin a 12, ya gaza a ta 13, wato Kano, kotu kuma ta amince cewa kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 cif ba.

Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, ba soke zaɓe ake yi ba, kamar yadda wasu ke tsoratar da jama'a. Hukumar zaɓe ta INEC za ta shirya zagaye na biyu cikin kwana 21, tsakanin wanda ya fi yawan ƙuri'u da wanda, cikin sauran, ya yi rinjaye a jihohi mafi yawa, wanda ba lallai ne ya kasance na biyu a jimillar ƙuri'u ba.