Riga-kafin cututtukan bakteriya a kiwon kifi

Riga-kafin kifi hanya ce ta koya wa garkuwar jikin kifi gane ƙwayar cuta tun kafin ta kama shi. Galibi ana kashe ƙwayar ne da sinadarin fomalin, ko a raunana ta, sannan a ba kifin.

A 1942 wani masani a Kanada, Duff, ya nuna cewa kifin tirawut na samun kariya daga bakteriyar Aeromonas salmonicida idan an ciyar da shi matacciyar ƙwayar. Sai a 1976 Amurka ta ba da lasisin riga-kafin farko na kasuwa, na cutar da Yersinia ruckeri ke haddasawa. Babbar shaida ta fito daga Norwe: a 1987 masu kiwon salmon sun yi amfani da kusan tan 50 na maganin antibiyotik, amma da allurar riga-kafi mai haɗin mai ta yaɗu a shekarun 1990, adadin ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, alhali kifin da ake kiwo ƙaruwa ya yi ta yi.

Cikin hanyoyin ba kifi riga-kafi, allura a ciki ta fi ƙarfi da daɗewa, sai dai kifi ɗaya-ɗaya ake kamawa. Tsoma 'ya'yan kifi cikin ruwan riga-kafi ya fi sauƙi. Haɗa shi da abinci kuwa, ciki kan narkar da shi kafin ya yi aiki sosai.

A Bauchi da Gombe, daga kwamin siminti na bayan gida har gonakin da ke kusa da madatsar Dadin Kowa, tarwaɗa aka fi kiwo. Babbar abokiyar gabarta Aeromonas hydrophila ce, mai kawo gyambo a fata da kumburin ciki, musamman idan ruwa ya ɓaci ko kifi ya yi cunkoso. Karfasa kuma Streptococcus ke addabarta. Nan wahalar samar wa tarwaɗa riga-kafi take: Aeromonas nau'i-nau'i ce, riga-kafin wani nau'in ba lallai ya tare wani ba. Ga kuma tsada. Kuɗin allurar da salmon ɗaya zai ɗauka, ɗan tarwaɗa ba zai iya ba.

Shi ya sa masu bincike ke mai da hankali kan riga-kafin da ake haɗawa daga ƙwayar da aka samo a gonar da cutar ta ɓulla, a kuma bayar da shi ta hanyar tsomawa. Abin damuwa ne cewa kafin wannan ya iso hannun mai kiwon kifi, maganin antibiyotik na oksitetirasaikilin yake ta zubawa a ruwa, ƙwayar kuma tana ƙara sabawa da shi.