Kundin Digiri Na Biyu Kan Sutura A Kano: Tambayoyi Da Amsoshi

Wai sutura ma har ta kai a yi mata kundin digiri na biyu?

Ta kai, musamman a Kano. Da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya zo birnin a 1851, cinikin tufafin da ake saƙawa a rina a nan na cikin abin da ya fi ɗaukar hankalinsa. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, kan rinin ƙasar Kano a ƙarni na 19 ya yi digirinsa na uku. Ɗalibi na iya shigowa ta sashen tarihi, ko na Hausa, ko kuma ta fannin zane da saƙa kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Wane irin take ya kamata a zaɓa?

Ƙarami. "Suturar Hausawa jiya da yau" ba take ba ne, tafki ne da ɗalibi zai nutse a ciki. Gara mutum ya tsaya kan abu guda: yadda aikin keke da na kwamfuta suka shiga gonar aikin hannu a babbar riga, irin su aska takwas da aska biyu, ko yadda atamfar China ta cika rumfunan Kantin Kwari bayan masaƙun Bompai da Sharaɗa sun durƙushe, ko turkuɗin Kura da Buzaye ke saye. Ni da za a tambaye ni, na fi son taken da ɗalibi zai iya isa wurin masu sana'arsa da kuɗin adaidaita sahu.

Ina ake samo bayanai?

Rabi a laburare da Gidan Makama da ma'adanar takardun tarihi ta Kaduna, rabi a bakin masu sana'a. Wannan rabin na biyu shi ne ke ba kundi daraja. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498, sai ka zauna ka ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi, ka ji ƙarar masu bugu. Ka fara gaida shugaban wurin, ka ce "Baba, na zo neman ilimi ne," kafin ka ciro waya. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Sunan kowane zane kuma a rubuta shi yadda mai shi ya faɗa, tare da ranar hira. Kuma kada a nufi tela a goman ƙarshe na azumi. Ɗinkin Sallah ba zai bar shi ya kalle ka ba.

Me ya fi hana ɗalibai kammalawa?

Babi na huɗu, wato inda ake nazarin bayanan da aka tara. Ana tara hirarraki a waya wata da watanni ba a juye su a takarda ba, ranar da aka zauna kuwa an manta wane ne ya faɗi me. A rubuce kowace hira a makon da aka yi ta, a kuma riƙa kai wa malami mai dubawa babi-babi.

Bayan an kare kundi a gaban malamin waje, wato wanda ake gayyatowa daga wata jami'a, an gama ke nan?

Da sauran gyare-gyaren da ya bayar, kuma suna da wa'adi. Sai an yi su, an sa hannu, an ɗinke kundin an miƙa wa makarantar karatun gaba da digiri na farko, sannan sakamako ke tafiya majalisar jami'a.