Maganar da ake jingina wa Voltaire alhali ba shi ya faɗe ta ba

Duk lokacin da aka tayar da muhawara kan 'yancin faɗin albarkacin baki, da wuya a tashi ba wanda ya kawo maganar nan: "Ban yarda da abin da kake faɗa ba, amma zan kare haƙƙinka na faɗinsa ko da zan rasa raina." Kusan kowa yana jingina ta ga Voltaire, marubucin Faransa da ya rasu a 1778, alhali ba a same ta cikin littattafansa ko wasiƙunsa ba.

Wadda ta rubuta ta 'yar Ingila ce, Evelyn Beatrice Hall, a littafin da ta wallafa a 1906 kan abokan Voltaire, da sunan aro S. G. Tallentyre. Tana ba da labarin littafin da Helvétius, wani masanin falsafa na Faransa, ya fitar a 1758, wanda hukumomi a Paris suka haramta har aka ƙona shi a bainar jama'a. Voltaire bai gamsu da littafin ba, amma bai goyi bayan muzgunawar da aka yi wa marubucinsa ba. Hall ta taƙaita wannan matsayi da kalmominta, sai dai ta sanya su cikin alamar zance, masu karatu kuwa suka ɗauka daga bakin Voltaire suka fito.

A ganina an tauye haƙƙin wannan mata, domin shaharar Voltaire ta danne sunanta, duk da cewa daga baya ita da kanta ta bayyana a wata wasiƙa cewa jimlar tata ce.