Dokar hayar gida a Bauchi: haƙƙin ɗan haya da batun sata

Haya yarjejeniya ce tsakanin mai gida da ɗan haya, ɗaya ya ba da wurin zama na wani lokaci, ɗaya ya biya kuɗi, a fiƙihu ana kiranta ijara. A cikin garin Bauchi yawanci shekara-shekara ake biya, musamman unguwanni irinsu Yelwa da Gwallameji inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Foli ta tarayya suka cika, kuma sau da yawa da baki ake gama magana a gaban dillali, a ba shi la'adarsa, ba takarda ba shaida. Yarjejeniyar baki tana aiki a kotu, amma tabbatar da ita ne wahala, shi ya sa rasit yake da daraja sosai ko da a fallen takarda aka rubuta shi.

Inda aka fi samun rigima wajen tashi ne. Bisa ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi, in dai ba wani wa'adi aka rubuta daban ba, mai biyan mako ana ba shi notis na kwana 7, mai biyan wata wata 1, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara kuma wata 6. Ko wa'adin ya cika bai tashi ba, sai an ƙara masa takardar kwana 7 cewa za a kai shi ƙara, sannan alƙali ne zai ba da umarnin fitar da shi, ma'aikatan kotu su zartar. Don haka abin nan da wasu masu gidaje ke yi, mutum ya dawo daga kasuwa ya tarar an ƙara kwaɗo a ƙofa, ko an yaye kwanon ɗakin ana tsakiyar damina, ko an watso katifa da tukwane tsakar gida yara na kallo, duk ya saɓa doka ko da kuwa ana binsa bashin shekara guda ne, kuma kotu za ta iya sa mai gidan biyan diyya. Gaskiya wannan cin mutunci ne babba, sai dai talaka bai san yana da bakin magana ba.

Bashin haya ba laifi ba ne da za a kulle mutum a kansa, sashe na 32 na dokar ƴan sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya.

Sata kuma daban take. Dokar Final Kod (Penal Code), wato dokar hukunta laifuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960, ta bayyana sata a matsayin ɗauke kayan da ke hannun wani ba da yardarsa ba da niyyar cuta, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5. To ɗan hayar da zai tashi da dare ya kwance fanka da kan famfo da wayoyin wuta da ya tarar a gidan, wannan ya wuce maganar haya, ana iya gurfanar da shi kan sata ko cin amana ko ɓarna gwargwadon yadda abin ya faru. Bauchi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2001, don haka Musulmi kan kai irin wannan ƙara kotun shari'a ma, kodayake da yawa a zauren mai unguwa ake kashe maganar kafin ta kai can.