Sartsen ƙarfe ya shiga ido: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Zan iya jawo shi da maganadisu a gida?

A'a. Haka lasa da harshe, kwalli, zuma, nonon mai jego, duk a'a.

Toh me zan yi kafin asibiti?

Yanke gindin kofin roba ka kife kan idon ka manne da filasta, kar ka murza kar ka danna. Kar ka ci komai ko za a shiga tiyata ranar, kuma ka faɗa musu yaushe rabonka da allurar tetanus.

Baya min ciwo kuma ina gani, sai na je?

Wannan tambayar ce ke ɓata min rai wallahi. Maƙera, kanikawa, masu fasa dutse, guduma ta daki ƙarfe ɗan mitsitsi ya huda ido ya shige ciki, ƙofar ta rufe kanta, mutum ya koma aiki. Ƙarfen yana can yana tsatsa yana kashe tantanin bayan ido, retina kenan, wanda shi ke ɗaukar hoto ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. In tagulla ce kumburin ma yafi sauri.

MRI fa?

Haramiyarka ce, na'urar hoton cikin jiki ce mai aiki da maganadisu, zai motsa ƙarfen. CT ake yi, hoton cikin jiki mai aiki da X-ray.

Likita garin cirowa ba zai yaga tantanin ba?

Toh nan ya danganta, da girman abun, da inda ya tsaya, da ko ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga. Yawanci ba fizgo shi ake ba, sai an fara yanke ruwan nan mai yauƙi kamar farin ƙwai da ya cika ido, saboda yana manne da tantanin, ka ja ƙarfe ta cikinsa ka jawo tantanin tare. In sartsen ya cake a jikin tantanin ana zagaye wurin da leza, hasken nan mai ƙona nama, tukuna, kamar ɗinki. Wasu likitoci suna zuba wani ruwa mai nauyi, perfluorocarbon, ya kwanta kan tsakiyar gani ko abun zai suɓuce daga ɗan hantsaki ya faɗo, amma fa ƙarfe mai nauyi yana iya nutsewa ta cikinsa, shi yasa wasu basa dogara da shi kaɗai. Daga nan a ciro da hantsaki ko maganadisun tiyata, wani lokaci ma sai an cire madubin cikin ido, lens kenan, a fito da sartsen ta gaba. Ko aiki yayi kyau tabo na iya jawo tantanin ya ɓalle bayan makonni, don haka in aka ce ka dawo ka dawo, kar ka tsorata, ana sake gyarawa.

An sa min iska a ido, zan iya tafiya Umara?

Iskar ana sa ta ne a ƙarshen tiyata ta tokare tantanin har ya warke. Babu jirgi sai likita yace iskar ta ƙare, sati 2 zuwa wata 2 gwargwadon irinta. A sama kumbura take. In man silikon aka sa maimakon iska jirgi ba matsala, amma akwai tiyata ta biyu ta cire shi.

Ina ake wannan aikin?

Ba kowane asibitin ido ba. Ka nemi mai likitan retina, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa dake Kaduna, kuma dan Allah yau, ba sai ranar kasuwa ta wuce ba.