Aure da ɗan ƙasa da shiga Amurka ta ɓarauniyar hanya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar baƙo ya auri 'yar ƙasar Amurka, ko baƙuwa ta auri ɗan ƙasa, matsalar takardu ta ƙare. Dokar shige da fice ba ta ce haka ba. Aure ba ya ba da zama ɗan ƙasa kai tsaye. Sai mutum ya fara samun takardar zama ta dindindin, wato girin kad, ya riƙe ta shekara 3 yana zaune da abokin aurensa, sannan ya nema. Waɗanda ba ta aure suka bi ba shekara 5 suke jira.

A wajen samun girin kad ne ake cijewa, domin sashe na 245(a) na dokar shige da fice ya ce wanda zai gyara matsayinsa yana cikin ƙasar dole ne jami'i ya tantance shi a iyaka ya ba shi izinin shiga. Wanda ya shigo da biza ta ƙare masa yana ciki, galibi aure da ɗan ƙasa yana share masa wannan laifin. Wanda kuwa ya tsallako daga Mexico ba tare da kowa ya duba shi ba, sai ya koma ƙasarsa ya yi ganawa a ofishin jakadanci, a Legas idan ɗan Najeriya ne.

Fitar ce ke tayar da hukuncin wata dokar shige da fice ta 1996. Wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba fiye da kwana 180 za a hana shi dawowa shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuma shekara 10. Tun 2013 ana iya neman afuwa da fom I-601A kafin a fita, amma sai an nuna cewa miji, mata ko iyaye masu takardun ƙasar za su shiga matsanancin ƙunci. Wahalar da 'ya'ya za su sha ba ta isa hujja ita kaɗai ba, kuma a ganina nan ne dokar ta fi tsanani, domin yara ne suka fi jin raɗaɗin rabuwa.

Wanda ya wuce shekara guda ba takardu, ko aka kore shi, ya sake satar shiga, sai ya yi shekara 10 a waje kafin ma ya nemi izinin dawowa.

A 2024 gwamnatin Biden ta ɓullo da shirin bai wa mazaje da matan 'yan ƙasa waɗanda suka shiga ta ɓarauniyar hanya damar gyara takardu ba tare da fita ba, amma wata kotun tarayya a Texas ta soke shi a watan Nuwamba na shekarar. Ɓoye yadda aka shiga kuwa ba mafita ba ne: ana sake bin tarihin mutum lokacin neman zama ɗan ƙasa, kuma girin kad ɗin da aka samu da ƙarya yana iya kai shi gaban alƙalin kora. Kada kowa ya sayi tikitin fita sai lauyan shige da fice ya duba takardunsa.